MASU CEWA BA A TAKA DUNIYAR WATA BA, KU ZO MU ZAUNA

Rubutun nan yana da tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai dare.

Kwana biyun nan wani bidiyo yana ta yawo a zaurukan WhatsApp na mutanenmu na Jega, Aliero da Maiyama, wai an tona asirin Amurka, babu wanda ya taɓa sauka a duniyar wata, duk fim ne aka shirya a cikin wani ƙaton sito. Da a teburin mai shayi maganar ta tsaya, da na yi dariya na wuce, don can kowa yana da lasisin faɗin abin da ya ga dama. To amma cikin waɗanda suka turo mini akwai mai digiri biyu, akwai malamin makaranta. Kuma ɗan ƙanwata da ke babbar sakandare ya ce malaminsu na kimiyya ya tsaya a gaban allo ya ce musu kada su yarda, ƙaryar Yahudu da Nasara ce, su dai rubuta a jarrabawa don su ci maki. A nan ne abin ya daina ba ni dariya.

Matsayina a fili yake. An je, an sauka, an taka, an dawo, har sau shida tsakanin 1969 da 1972, mutum 12 suka taka ƙasar wata. Musanta wannan ba tsoron Allah ba ne, kuma ba wayewa ba ce. Lalaci ne na tunani da muka ɗinka wa babbar riga muka naɗa masa rawani. Kuma 'ya'yanmu ne ke biyan kuɗin ɗinkin.

Bari in fara da abin da na ji daga bakin waɗanda suka ga zamanin. A 1969 babu talabijin a yankinmu. Muna ƙarƙashin Jihar Arewa maso Yamma, hedkwata Sakkwato, ƙasa tana tsakiyar yaƙin basasa. Wani kawuna, Allah Ya jiƙansa, yana saurayi a Jega a lokacin. Ya ce akwatin rediyo ɗaya ne a duk unguwarsu, a zauren wani ɗan kasuwa, kuma abin da ke tara su shi ne labarin bakin daga, don kusan kowane gida akwai wanda ya tafi soja. Yakan ce: "Mu labarin yaƙi munka taho ji, sai anka ce wai Bature ya hau wata. Wani tsoho yac ce a kashe akwatin ga, ya fara ƙarya. Da dare ya yi munka fito muna kallon wata, kowa na so shi hangi mutum bisa." Daga baya da aka kawo majigi aka haska musu hoton a jikin bango, wasu suka yarda, wasu suka ce siddabaru ne.

Wannan tsoho yana da uzuri. Bai taɓa shiga jirgin sama ba, bai taɓa riƙe waya ba, kuma Turawan da ya sani su ne masu haraji da jangali. Kai da kake karanta wannan a waya, kake kallon ƙwallon Ingila kai tsaye ta tauraron ɗan'adam, kake buɗe Google Maps ka ga rufin gidanku a Maiyama daga sama, mene ne naka uzurin?

Ni kuwa na fara ganin hoton ne a 1989, ina firamare, da aka cika shekara 20. Talabijin baƙi-da-fari ce ta gidan maƙwabcinmu, wadda ake jona wa batirin mota in an ɗauke wuta. Hoton dishi-dishi, mutum biyu cikin fararen kaya suna tsalle kamar maraƙin da aka kwance wa igiya. Mun yi mako guda muna kwaikwayon wannan tsalle a yashin bakin gulbi. Da muka kai maganar makaranta, malaminmu, wanda takardar malanta mai daraja ta biyu ce kawai gare shi, ya sa aka rufe tagogi, ya kunna fitilar ƙwai, ya ɗauko lemo ya riƙa zagaya fitilar da shi, ya nuna mana dalilin da ya sa wata ke farawa siriri, ya cika, ya koma ya rame. Mutumin nan shi ke jan mu sallar azahar. Bai ga wani karo tsakanin lemon nan da alwalarsa ba. A 2019, da aka cika shekara 50, na sake kallo a waya tare da yarana, wannan karon tas da shi. Abin da ya tsaya mini a rai a ranar shi ne ɗakin da ke ƙasa, layi-layi na injiniyoyi a gaban na'urori, da yawansu samari ne da ba su kai talatin ba. Sa'o'in ɗaliban da ke fita daga jami'armu ta Aliero kowace shekara.

To yanzu ga abin da ya faru, da kwanan wata. Kumbon Apollo 11 ya tashi ranar 16 ga Yuli 1969 da mutum uku: Neil Armstrong, Buzz Aldrin da Michael Collins. Ranar Lahadi 20 ga wata, ƙarfe 9:17 na dare agogon Najeriya, ƙaramin kumbon ya sauka. Armstrong ya sa ƙafarsa ƙasa ƙarfe 3:56 na daren, kafin kiran assalatu a nan. Collins bai sauka ba, yana can yana zagaye yana jiran su. Tafiyar kimanin kilomita 384,000 ce. Mutum wajen 400,000 ne suka yi aiki a shirin, daga masu lissafi har matan da suka ɗinka rigunan. Mu da muka san aikin ofis mun san sirrin mutum uku ba ya kwana. A yi ƙarin girma a ɓoye da safe, kafin la'asar masinja ya kai labari kasuwa. Sai a ce mutum dubu ɗari huɗu sun riƙe ƙarya shekara hamsin da ɗoriya, babu wanda aka hana fansho ya fusata ya fasa ƙwai? Haba jama'a.

Ga kuma abin da yawancinmu ba a koya mana ba. Kano tana cikin wannan tarihi. A farkon shekarun 1960, kafin a kai ga Apollo, hukumar NASA ta kafa tashoshin bibiyar kumbo a sassan duniya don shirinta na Mercury, ɗaya daga cikinsu a Kano take. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, John Glenn, Ba'amurke na farko da ya zagaya duniya, ya yi magana da tashar Kano daga sama. Ya shaida musu yana hango guguwar ƙura a ƙasa, su kuma suka tabbatar masa cewa an yi kwanaki ana iska mai ƙarfi. Watan Fabrairu, a Kano. Duk Bahaushe ya san wannan ƙura, hunturu ne. Mutumin ya ga hunturunmu daga sama shekara bakwai kafin a sauka a wata. Shi ma fim ne? A wane sito aka ajiye Kano?

Bari mu bi hujjojin bidiyon ɗaya bayan ɗaya, don kada a ce na kauce.

Wai tuta tana kaɗawa alhali babu iska. Tutar an sa mata ƙarfe a sama kamar sandar labule don ta miƙe, saboda sun san babu iskar da za ta ɗaga ta. Tana motsi ne lokacin da suke murɗa sandarta cikin ƙasa. Da suka sake ta, ta tsaya cak da lanƙwasarta. Kalli bidiyon na asali har ƙarshe, kada ka tsaya a daƙiƙa goma da aka yanko maka.

Wai babu taurari a hotunan. Yau da dare ka tsaya ƙarƙashin fitilar sola ta bakin titi, ka ɗauki abokinka hoto yana sanye da farar shadda, ka ƙirga taurarin da suka fito. Ba za ka ga ko ɗaya ba. Da rana suka sauka, ƙasa tana ƙyalli, kayansu farare, kyamarar an saita ta don haske mai ƙarfi. Kowane mai ɗaukar hoton biki ya san wannan.

Wai in da gaske ne me ya sa aka yi shekaru ba a koma ba? Kuɗi. A tsakiyar shekarun 1960 NASA tana cin kusan kashi 4 cikin 100 na kasafin gwamnatin Amurka, yanzu ba ta kai rabin kashi ɗaya ba. Tsere ne suke yi da Tarayyar Sobiyet, da suka ci tseren sai 'yan majalisa suka tsuke bakin aljihu. Mu ne za a koya wa yadda gwamnati ke fara aiki ta watsar? Masaƙun Kaduna sun taɓa ɗaukar dubban ma'aikata, yau sun zama kufai. Wannan ya nuna ba a taɓa saƙa atamfa a Kaduna ba ke nan?

Yanzu ga tawa tambayar. Wa ya fi kowa son ya kama Amurka da ƙarya a 1969? Tarayyar Sobiyet. Su suka riga kowa harba tauraro a 1957, su suka riga kowa tura mutum sama a 1961, suna da na'urorin bin sawun duk abin da ya tashi. A daidai kwanakin da Apollo 11 ke can, nasu kumbon mara matuƙi, Luna 15, yana zagaya wata, ya faɗi ya tarwatse ranar 21 ga Yuli. Da ƙarya ce, da gidan rediyon Mosko ya shekara yana shelarta har da Hausa. Ba su musa ba. Kishiya ta ga kishiyarta da cikin tsumma ta yi shiru? A wane gida?

Sannan an dawo da duwatsu da ƙasa kilo 382, masana a ƙasashe da dama suna ta bincike a kansu har yau. Rasha ta ɗebo nata da na'ura a 1970, Caina ta ɗebo a 2020 da 2024, ana gwada su da juna. An bar madubai a can waɗanda har gobe ake harba musu haske daga ƙasa ya dawo, da shi ake auna nisan wata. Kumbon Indiya, Chandrayaan-2, ya ɗauko hoton wurin da Apollo 11 ya sauka, ga gindin kumbon nan zaune inda aka bar shi. Indiya, Caina da Rasha duk sun haɗa baki don su rufa wa Amurka asiri? Waɗannan da ko a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ba sa shan inuwa ɗaya?

Wani abin da zai ba ku mamaki, wannan musu ba namu ba ne, shigo da shi aka yi. Wani Ba'amurke mai suna Bill Kaysing ne ya buga littafi da kuɗinsa a 1976 yana wannan da'awa, sai tashar Fox ta yi shiri a kai a 2001, daga nan ya bazu. Wanda ke ganin ya ƙi Bature ta hanyar musanta zuwa wata, kayan wani Baturen ya ɗauka a ka, kuma gwanjo.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba zan raina shi ba. Amurka ta sha yin ƙarya. Ta ce akwai makaman ƙare dangi a Iraƙi a 2003, aka rusa ƙasa, ba a samu komai ba. A Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, maganar ta kai kotu har aka biya diyya. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, wannan gaskiya ne. Amma ku lura da yadda aka kama waɗancan. Da takardu aka kama su, da shaidu, da masu bincike da suka san aikinsu. Zargi mai amfani shi ne wanda ke sa ka tashi ka bincika. Wanda ke sa ka kwanta ka ce komai ƙarya ne, shi ne ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohinmu a 2003, yara suka shanye, cutar ta tsallaka har wasu ƙasashe.

In kana son sukar Apollo, akwai suka ta gaskiya. Babban injiniyan rokar, Wernher von Braun, tsohon ma'aikacin gwamnatin Hitila ne da ya ƙera makaman da aka yi wa Landan ruwansu. Kuma ana gobe za a harba kumbon, Ralph Abernathy, magajin Martin Luther King, ya jagoranci talakawa baƙar fata da alfadarai zuwa bakin wurin, suna cewa ana zuba dukiya a sama alhali ga yunwa a ƙasa. Wannan magana ce mai nauyi, ana iya muhawara a kanta har gobe. Amma Abernathy bai ce fim ba ne. Yana tsaye ya ga rokar da idonsa.

Yanzu mu zo inda abin ya fi ɗaure kai. Mutumin da ya turo maka bidiyon "ba a je ba" ranar Litinin, shi ne zai turo maka ranar Juma'a cewa Armstrong ya ji kiran salla a duniyar wata, ya zo Masar ya sake ji, ya musulunta, wanda ya tura wa mutum goma zai ga alheri. Malam, zaɓi ɗaya. In bai je ba, a ina ya ji? Labarin ma ba shi da tushe. Armstrong ya musanta, ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta sanarwa a kai a 1983, kuma har ya mutu a 2012 bai ce ya musulunta ba. Haka hoton wani dogon kwari da ake yaɗawa wai NASA ta gano inda wata ya tsage. Mu mun yi imani da mu'ujizar Manzon Allah (SAW) tun kafin a haifi kakan wanda ya kafa NASA, ba mu jiran su buga mana hatimi. Addinin da ya kafa ilimin isnadi, ya tsare mai ruwaya da tambayar wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa, yau mabiyansa ne ke tura labarin da ba shi da uwa ba shi da uba. Musulunci ba ya bukatar a yi masa ƙarya don a taimake shi.

Masu cewa addini ya hana a yarda, su kawo nassin. Sheikh Ibn Baz, wanda ba a zarginsa da bin Turawa, ya rubuta cewa babu dalilin shari'a da ya kore yiwuwar isa wata. Cikin waɗanda suka zaɓi wuraren da Apollo zai sauka akwai Farouk El-Baz, Musulmi ɗan Masar, shi ya koya wa 'yan sama jannatin yadda za su karanci ƙasar wata daga sama. Yarima Sultan bin Salman, ɗan sarkin Saudiyya na yanzu, ya tafi sararin samaniya a 1985. Sheikh Muszaphar Shukor na Maleshiya ya tafi a 2007 cikin watan azumi, malaman ƙasarsa suka zauna suka tsara masa yadda zai fuskanci alƙibla da yadda zai ƙirga lokutan salla. Sultan Al Neyadi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya yi wata shida a tashar sararin samaniya a 2023. Kuma a Disamba 2022, da Najeriya ta shiga yarjejeniyar Artemis ta shirin komawa wata, wanda ya sa hannu a madadinmu Sheikh Isa Ali Pantami ne, yana minista. A jikin watan kansa akwai ramuka da aka raɗa wa sunayen Al-Battani, Ibnul Haisam, Al-Biruni da Al-Khawarizmi. Turawa sun san bashin da ke kansu har sun rubuta a taswira, mu magada muna nan muna gardamar tuta.

Mu ma nan gida ba baƙin sama ba ne. Kakanninmu da taurari suke sanin lokacin shuka, sun san Kaza da 'ya'yanta, sun san Gamzaki da Zara. Malaman zaure suna da hisabi. Muhammadu al-Katsinawi ya yi suna a fagen lissafi har Alƙahira, inda ya rasu a 1741. Ƙasar Gwandu ta Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da alƙalami aka san ta. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu aka yi husufin rana, mutane suka danganta abin da rasuwar, shi da kansa ya gyara musu, a ranar da yake cikin baƙin ciki. Wannan ita ce tarbiyyar da aka ba mu, kada a jingina wa sama abin da ba haka ba. Kuma duk wanda ya kai shekaruna ya tuna safiyar 29 ga Maris 2006, da rana ta dushe, kaji suka rikice. Masana sun faɗi ranar da sa'ar tun da daɗewa, kuma haka aka yi. Lissafin da ya faɗi wannan shi ne ya kai kumbo wata. Ba ka isa ka karɓi rabi ka zubar da rabi ba.

Wani zai ce, to Malam, mu da ke fama da tsadar taki da 'yan bindiga, ina ruwanmu da wata? Ruwanmu ke nan.

Ku tuna ciwon idon nan da muke kira afolo. Ya ɓulla ne a Gana a 1969, daidai lokacin tafiyar, mutane suka ce ƙurar wata ce aka kwaso, sunan ya bi shi har yau. Ƙwayar cuta ce da ke bin hannu da tawul da ruwan wanke fuska. Wanda ya san haka zai wanke hannu ya ware tawul. Wanda bai sani ba shi ne ke ɗiga ruwan batir ko fitsari a idon ɗansa. Rashin sanin dalilin abu ba a baki yake tsayawa ba, yana sauka a jikin mutum.

Ku tuna kuma cewa Muhammad Yusuf, a hirarsa da BBC a 2009, ya musanta cewa duniya ƙwallo ce, ya musanta cewa ruwan sama daga tururi yake. Ban ce duk mai musun Apollo ɗan Boko Haram ne ba, Allah Ya kiyaye. Amma gonar da aka shuka wancan iri ita ce wannan, gonar "duk abin da ke littafin boko ƙarya ne". Mu da aka kwashe mana ɗalibai a Birnin Yawuri a 2021 bai kamata mu riƙa yi wa wannan gona ban-ruwa ba.

Sannan ku dubi yaron da malaminsa ya ce ya rubuta don maki amma kada ya yarda. Me aka koya masa? An koya masa cewa ilimi abin haddacewa ne a amayar a karɓi takarda. An koya masa munafunci, baki daban zuciya daban. Wannan yaro gobe shi ne ma'aikacin jinya da ba ya yarda da ƙwayoyin cuta, shi ne injiniyan da zai sa hannu a kan gadar da bai auna ba. Muna da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006. Manoman albasa na Aliero da Maiyama duk shekara suna kallon wani kaso na amfaninsu yana ruɓewa a rumbu kafin farashi ya tashi. Ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa a jihar nan, alhali taurarin ɗan'adam suna ganin hadari da cikar gulbi tun kafin ruwa ya iso. Sanƙarau yana dawo mana duk bazara. Wa zai ƙera mana rumbun da iska ke ratsawa yadda ya kamata, wa zai karanta hoton tauraro ya ce wa mutanen fadama su kwashe? Yaron da aka ce masa kimiyya fim ce?

Indiya ta kafa hukumarta ta sararin samaniya ranar 15 ga Agusta 1969, ko wata guda ba a yi da saukar Armstrong ba, lokacin talaucinsu ya fi a faɗa. Ba su ce fim ne ba, cewa suka yi yaya aka yi. Ranar 23 ga Agusta 2023 suka sauke kumbonsu kusa da kudancin wata. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da aka kafa a 1971 ta kai kumbo duniyar Mars a 2021. Mu ma muna da hukumar NASRDA tun 1999, an harba mana NigeriaSat-1 a 2003, amma daga Rasha aka harba shi, a Ingila aka ƙera shi. Bambancinmu da Indiya ba ƙwaƙwalwa ba ce. Tambayar da aka bar yara su yi ce.

Laifin kuma ba na malamin aji kaɗai ba ne. Mu ma'aikatan gwamnati mun san yadda ake rubuta "kayan ɗakin gwaje-gwaje" a takarda, mun kuma san abin da ake tararwa in an buɗe ɗakin: ƙura, jemagu da karyayyun kujeru. Yaron da ya gama sakandare bai taɓa leƙa madubin ƙara girman abu ba, bai taɓa haɗa waya da batir ya ga ƙwai ya kama ba, don me ba zai ɗauka duk tatsuniya ce ba? Wanda bai taɓa gwada komai da hannunsa ba, a wurinsa kimiyya da gizo da ƙoƙi duk labari ne, sai ya zaɓi wanda ya fi daɗi.

Don haka ga roƙona. Shugabannin makarantu, malamin da ke karɓar albashin koyar da kimiyya yana rushe ta a gaban allo, a zaunar da shi a yi masa bita, in ya ƙi a ba shi wani darasin. 'Yan majalisarmu da shugabannin ƙananan hukumomin nan uku, kuɗin madubin hangen taurari na makaranta bai kai na babur ɗaya cikin waɗanda kuke rabawa ba. Ku sayi ko guda uku, ɗaya Jega, ɗaya Aliero, ɗaya Maiyama. Malaman jami'a da ɗalibansu su fito da shi fili ranar da wata ya kai kwana bakwai, yara su yi layi su ga duwatsu da ramukan da ke jikinsa da idonsu. Limamanmu su zo su leƙa su ma, zai taimaka mana har a rigimar ganin wata da muke yi duk azumi. Iyaye kuma, in yaro ya yi tambayar da ta fi ƙarfinku, kada ku ce masa ƙaryar Nasara ce don a wuce wurin. Ku ce masa mu je mu tambaya.

Ku kuma 'yan uwana masu turawa, kafin ka danna, yi wa saƙon tambayar da malaman hadisi ke yi: wa ya faɗa, a ina ya ji? Wanda ke da hujjar da ta fi tuta da taurari ya kawo ta nan a fili, da sunansa, mu tattauna cikin mutunci. Zagi ba hujja ba ne, "kai ɗan boko ne" ma ba hujja ba ce.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya jiƙan malamanmu da suka koyar da mu da lemo da fitilar ƙwai. Amin.